Poland: Mai Ɗaki Na Kukan Yoyo, Baƙo Na Yabon Rufi

Kuɗi ne ke fara ba wa mai zuwa Poland kunya. Mutum ya taso da yuro cike da aljihu, yana ganin ai Turai duk ɗaya ce, sai ya isa kanti a ce masa ba a karɓa. Ƙasar tana cikin Tarayyar Turai tun ranar 1 ga Mayun 2004, amma har yau kuɗinta zloti ne, kuma yuro ɗaya yakan kama zloti huɗu da 'yan kai. Shagon 'yan canji sunansa kantor. Na filin jirgin sama na Chopin da ke Warsaw, inda na sauka a ƙarshen watan Yuli, farashinsu ba daɗi, don haka a canza abin shiga mota kawai, sauran a bari sai cikin gari. A allon kowane kantor akwai layi biyu, kupno da sprzedaż, wato farashin da suke saye da wanda suke sayarwa. Idan tazarar da ke tsakaninsu ta yi faɗi, a ƙara gaba. Mai biya da kati kuma, na'ura za ta tambaye shi ko a cire da kuɗin ƙasarsa ko da zloti. A zaɓi zloti, domin ɗaya zaɓin canjinsa na da tsada.

Bas mai lamba 175 ke kai mutum tsakiyar gari. Tikitin minti 75 zloti 4.40 na saya, na minti 20 kuma 3.40 ne. Sayen tikitin bai wadatar ba, sai an cusa shi cikin ƙaramar na'urar da ke jikin ƙarfen bas ta buga masa lokaci. A nan baƙi ke faɗawa. Masu binciken tikiti, waɗanda 'yan gari ke yi wa laƙabi da kanar, ba sa sauraron "ni baƙo ne", tara kawai suke rubutawa.

Da an sauka gaban babbar tashar jirgin ƙasa ta Warsaw, gine-gine biyu ne ke tare ido. Ɗaya shi ne Fadar Al'adu da Kimiyya, mai tsayin mita 237, wadda aka gama a 1955 a matsayin "kyautar" Stalin, shugaban Tarayyar Soviet, ga mutanen Poland. Ɗayan kuma Varso ne, na gilashi, mita 310, wanda babu ginin da ya kai shi tsawo a duk Tarayyar Turai. Baƙi na farkon suke ɗauka hoto, don shi ne ya yi daidai da Poland ɗin da ke kansu: ƙasar kwaminisanci, toka-toka, sanyi da barasa. 'Yan gari kuwa suna da tsohuwar ba'a a kansa, cewa babu inda Warsaw ta fi kyau kamar daga benen kallonsa na hawa na 30, saboda nan ne kaɗai mutum ba zai ga ginin ba.

Wannan ba'ar ita ce ƙofar gane mutanen. Ɗan Poland gwanin kushe ƙasarsa ne, har suna da kalma a kai, narzekanie, wato ƙorafi. Mu idan aka ce "ina gajiya?" sai mu ce "ba gajiya" ko da ƙafa ta kumbura. Su idan aka tambayi mutum yaya harkoki, tsohuwar amsar ita ce stara bieda, ma'ana talaucin nan dai na da. Daga nan zai kawo layin asibiti, tsadar hayar gida, haraji, 'yan siyasa, da jirgin da ya makara minti goma. Baƙon da ya fito daga inda ake ɗauke wuta yana zaune yana kallon titi fes, tiram na wucewa kan lokaci, sai ya rasa abin da ake kuka a kai. Dalilin shi ne ma'aunin kowa daban. Baƙo yana auna Poland da abin da ya zata zai tarar. Ɗan ƙasa da Jamus yake auna ta, maƙwabciyar da ke yamma da shi, inda ƙaninsa ke aiki yana karɓar albashin da ya fi nasa.

Amma a kiyaye, ƙorafin nan na 'yan gida ne. Ranar da baƙo ya taya shi, ya ce ai gaskiya ne ƙasarku ta koma baya, nan take fuska za ta canja. Mutumin da ya gama zagin gwamnati yanzu zai tuna maka cewa tattalin arzikinsu bai daina girma ba tun daga 1992 har zuwa annobar korona, kuma a 2009, lokacin da sauran ƙasashen Tarayyar Turai suka ja baya, su kaɗai ne suka ci gaba. Zai nuna maka BLIK, hanyar biyan kuɗi da lamba shida da bankinka ke ba ka a waya, wadda ke mutuwa bayan minti biyu. Zai nuna maka paczkomat, akwatunan ƙarfen da ke kowace unguwa inda ake ajiye wa mutum saƙo ya zo ya buɗe da wayarsa ko da tsakar dare. Sannan zai gyara maka taswira: Poland ba Gabashin Turai take ba, Tsakiyar Turai ce. Kalmar "gabas" a kunnensu ƙanshin Moscow take yi.

Haka suke kishin mutanensu da duniya ta ba wa wasu. Marie Curie da ake ɗauka 'yar Faransa ce, a Warsaw aka haife ta a 1867, sunanta Maria Skłodowska, kuma sinadarin farko da ta gano sunan ƙasarta ta sa masa, polonium. Chopin, shahararren makaɗin fiyano, a Paris aka binne shi, amma zuciyarsa tana cikin wani ginshiƙi a majami'ar Gicciye Mai Tsarki da ke titin Krakowskie Przedmieście. Mu dai Lewandowski muka sani, kuma ambaton sunansa yana buɗe hira da direban tasi.

A wannan titin ne Jami'ar Warsaw take, kuma ga abin da zai ba Bahaushe mamaki: ana koyar da Hausa a sashenta na harsuna da al'adun Afirka shekaru da dama. Farfesa Nina Pawlak ta yi suna a nazarin harshen, Farfesa Stanisław Piłaszewicz kuma ya yi aiki mai zurfi a kan rubuce-rubucen Alhaji Umaru na Kete-Krachi da ke Ghana. Su sun san mu fiye da yadda muka san su.

Ranar 1 ga Agusta da ƙarfe biyar na yamma ina tsaye a shataletalen Dmowski. Jiniya ta ɗauka a duk faɗin birnin. Motoci suka tsaya cik, tiram ya tsaya, mutane suka ƙame inda suke, matasa suka kunna wuta mai jan hayaƙi suna ɗaga tuta fari da ja. Minti ɗaya aka yi, sannan kowa ya kama gabansa. Tunawa ake yi da boren Warsaw na 1944, lokacin da mayaƙan ɓoye suka tasar wa sojojin Jamus. Kwana 63 suka yi, sojojin Tarayyar Soviet na tsallaken kogin Vistula ba su kawo ɗaukin da aka sa rai ba, fararen hula tsakanin 150,000 zuwa 200,000 suka mutu, bayan haka Jamusawa suka bi birnin gida-gida suna rushewa. Tsohon garin da baƙi ke yawo a ciki suna yabon daɗewarsa, bayan yaƙi aka sake gina shi, ana duba zane-zanen da Bernardo Bellotto ya yi a ƙarni na 18. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne haɗa wannan bore da na unguwar da aka killace Yahudawa, wanda aka yi a Afrilun 1943. Abubuwa biyu ne, kowanne da ranarsa da wurin tunawa da shi. Cikin mayaƙan 1944 har da wani makaɗi haifaffen Legas, August Agboola Browne, wanda sunansa na yaƙi Ali. An kafa masa dutsen tunawa a tsakiyar birnin a 2019.

Wanda bai san shekara 123 da Poland ta yi babu ita a taswira ba, ba zai gane wannan tsayuwar ba. Rasha da Austria da Prussia, wata tsohuwar masarautar Jamusawa, sun yanka ƙasar sau uku, a 1772 da 1793 da 1795, har ta ɓace daga taswira, ba ta dawo ba sai 11 ga Nuwamban 1918. Bayan shekara ashirin da ɗaya Jamus ta shigo ranar 1 ga Satumban 1939, Soviet ta biyo ta gabas ranar 17. Kusan mutum miliyan shida 'yan ƙasar suka halaka, rabinsu Yahudawa. Da aka gama yaƙi aka tura iyakokin ƙasar gaba ɗaya zuwa yamma: Breslau ta Jamus ta zama Wrocław, biranen Lwów da Wilno na gabas suka fita daga ƙasar. Shi ya sa ɗan Poland ke kallon ƙasarsa kamar ɗan da aka sha fidda rai da shi.

Zuwa Krakow, jirgi mafi sauri shi ne EIP, wanda ake kira Pendolino, kimanin awa biyu da rabi. Tikitinsa da lambar kujera yake zuwa, kuma dole a saya kafin a shiga, wanda ya hau babu shi zai biya ƙari mai nauyi. Wanda ya saya da kwanaki a gaba yakan samu da rahusa sosai. A kan tikiti za a ga peron da tor da wagon: dandamalin tsayuwa, layin dogo, da lambar tarago. Peron ɗaya na da tor biyu, to a duba duka biyun, in ba haka ba mutum ya tsinci kansa a hanyar Gdańsk.

Krakow ba a rushe ta ba a yaƙi, kuma ita ce Poland ɗin da ake sayar wa baƙi: filin kasuwa mai mita 200 a kowane ɓangare, fadar Wawel, jami'ar da aka kafa a 1364, da mai busa ƙaho a hasumiyar majami'a kowace awa, wanda ke katse busar a tsakiya. Ba zan daɗe a nan ba, duk mai waya ya ga hotunan.

Abin da ya fi nauyi yana nesa da kimanin kilomita 70, a garin Oświęcim, wanda Jamusawa suka kira Auschwitz, inda 'yan Nazi suka kafa sansanin kisan jama'a lokacin yaƙin. Bas na kai mutum cikin awa ɗaya da rabi. A lokacin zafi sai an kama gurbi ta intanet tun da makonni, sunan da ke kan takardar shiga ya dace da na fasfo, kuma ba a shiga da babbar jaka. Zagaye da ɗan jagora yakan ci awa uku da rabi, har da Birkenau da ke kilomita uku daga can, inda bas na kyauta ke kai mutane. Kimanin mutum miliyan 1.1 aka kashe a wurin, mafi yawansu Yahudawa. A nan ne kallon ɗan ƙasa da na baƙo suka fi karo. Kada bakin mutum ya kuskura ya ce "sansanin Poland". Sansanin 'yan Nazin Jamus ne a ƙasar da suka mamaye. Barack Obama ya yi wannan suɓutar baki a 2012, sai da ya rubuta wasiƙar nuna nadama. A 2018 majalisa ta yi dokar ɗaure duk wanda ya ɗora wa al'ummar Poland laifin 'yan Nazi, Isra'ila da Amurka suka yi ca, cikin 'yan watanni aka cire hukuncin ɗaurin. Su 'yan ƙasar za su gaya maka cewa sama da mutum 7,000 daga cikinsu Isra'ila ta karrama saboda ceton Yahudawa, adadin da ya fi na kowace ƙasa, alhali hukuncin ɓoye Bayahude a lokacin kisa ne. Gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa a garin Jedwabne a 1941 maƙwabta 'yan Poland ne suka ƙona Yahudawan garin a cikin rumbu, kuma har yau maganar na raba kan iyali a teburin cin abinci. A ganina baƙo ya saurara kawai, kada ya zama alƙali a shari'ar da bai san farkonta ba.

Batun abinci na buƙatar kula ga Musulmi, domin alade shi ne naman gida. A haddace kalma uku: wieprzowina naman alade, smalec kitsensa da ake shafawa a burodi, skwarki kuma soyayyun gutsattsarinsa. Na ukun ne mai yaudara. Mutum zai nemi pierogi ruskie, ƙullin fulawa mai dankalin Turawa da cuku a ciki, babu nama ko kaɗan, sai a kawo an barbaɗa masa skwarki a sama. Tun wajen oda ake cewa bez skwarek. Miyar żurek da tsiran alade take zuwa. Wurin ci mai araha shi ne bar mleczny, gidajen abincin da suka rage tun zamanin kwaminisanci, inda ake biya a gaba, a karɓa ta taga, a mayar da kwano da kai. Shagunan kebab sun cika ko'ina, amma ba duka ne na halal ba, sai an tambaya. A gidan abinci mai ma'aikata kuma, wanda ya miƙa kuɗi yana cewa dziękuję, wato na gode, ya yafe canjinsa ke nan. A jira canji ya dawo, sannan a yi godiya.

Ranar Lahadi manyan kantuna a rufe suke, dokar da ta fara aiki a 2018, sai ƙananan shaguna irin su Żabka da gidajen mai. Baƙi na ɗaukar wannan shaida ce cewa ƙasar Fafaroma John Paul na Biyu tana nan yadda take. A ƙidayar 2011 kusan kashi 88 cikin ɗari sun ce su Katolika ne, a ta 2021 adadin ya sauko kusan 71. A ƙauyukan gabas majami'a na cika, a Warsaw matasa da yawa sai biki ko jana'iza. Su da kansu suna maganar Poland A da Poland B, yamma mai masana'antu da gabas mai noma, kuma wanda ya kalli taswirar layin dogo zai ga ya fi yawa a yankin da Prussia ta mulka.

Ana cewa mutanen ba su da fara'a. A titi haka ne, ba a yi wa wanda ba a sani ba murmushi, wanda ya yi sai a zata da wata a ƙasa. Ba a kiran babba da "kai" ko "ke", sai pan ga namiji, pani ga mace, kamar yadda muke cewa malam da malama. A cikin gida kuwa wani mutum ne daban. Za a karɓi takalminka a ba ka silifas, a cika maka faranti har ka gaji da cewa ka ƙoshi. Karin maganarsu na cewa baƙo a gida, Allah a gida. Mai kai furanni ya kai uku ko biyar ko bakwai, adadin da ke rabuwa biyu na makoki ne.

Baƙar fata fa? A Warsaw da Krakow ba wanda ya damu da kai, a ƙananan garuruwa za a kalle ka har ka juya. Ƙasar da Emmanuel Olisadebe, ɗan asalin Najeriya, ya ci wa ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 2002, wadda ta zaɓi John Godson, haifaffen Najeriya, ya shiga majalisa a 2010, ita ce kuma ƙasar da masu tsattsauran kishin ƙasa ke cika titi da maci duk 11 ga Nuwamba. A 2022 ta buɗe gidajenta ga miliyoyin 'yan Ukraine, abin da suke alfahari da shi kuma sun cancanta, amma a makonnin farko ɗaliban Afirka da ke gudun yaƙin sun koka cewa ana mayar da su baya a layin tsallaka iyaka, har gwamnatin Najeriya ta yi magana. Mai niyyar zuwa aiki kuma ya san cewa mafi ƙarancin albashi a 2025 zloti 4,666 ne a wata kafin haraji, takardar zama, karta pobytu, tana ɗaukar watanni, kuma dillalan da ke sayar da takardar aiki ta bogi sun jefa mutane da yawa cikin wahala.

Tafiyata ta ƙarshe gabas na yi, awa biyu a jirgi zuwa Białystok, daga nan sama da kilomita 50 a mota, domin bas ɗin ƙauye ba abin dogaro ba ne. Kruszyniany ƙauye ne mai titi ɗaya, 'yan kilomita daga iyakar Belarus, kuma a cikinsa akwai masallacin katako koren fenti na ƙarni na 18. Daga waje kamar ƙaramar majami'a yake, sai an lura da jinjirin wata a kan hasumiya. A 1679 Sarki Jan Sobieski, wanda ya kori rundunar Daular Usmaniyya daga ƙofar Vienna bayan shekara huɗu, ya ba sojojinsa Tatar Musulmi filaye a nan da ƙauyen Bohoniki a madadin albashin da suke bin sa. Jikokinsu 'yan dubbai ne yau, sunayensu irin na Poland, kuma tun 1936 doka ta amince da addininsu. Baƙi ba su san da su ba, 'yan ƙasa kuma sukan nuna su a matsayin shaidar cewa Poland ta daɗe da haƙuri da addinai. Amma a wannan yankin ne aka kafa katangar ƙarfe mai tsayin mita biyar da rabi, tsawon kilomita 186, bayan rikicin 'yan ci-rani na 2021, kuma Tatar ɗin Bohoniki ne suka yi wa wasu Musulmin da suka mutu a dajin iyaka sallah, suka binne su a maƙabartarsu.

Ana cire takalmi a ƙofar masallacin, a biya ɗan kuɗin shiga, ɗan jagora ya nuna ɓangaren maza da na mata da allon katako ya raba. Jama'a sun fi taruwa lokacin sallar layya, wadda suke kira Kurban Bajram. Bayan masallacin, cikin itatuwa, maƙabarta ce da suke kira mizar, duwatsunta da Bismillah a sama, sunan mamaci a ƙasa da harshen Poland, wasu tsofaffin kuma da baƙaƙen Rasha. Tatar ɗin sun manta harshensu na asali tun ƙarnoni da suka wuce, sai suka riƙa rubuta littattafan addini da harshen Poland da na Belarus cikin haruffan Larabci, suna ƙara ɗigo ga wasu baƙaƙe don sautukan da Larabci ba shi da su. Kitab suke kiran irin waɗannan littattafai. Na tsaya kan hoton wani shafi ina haɗa baƙi da wasali yadda aka koya mana a makarantar allo, bakina na fitar da sautin daidai, ban gane ko kalma ɗaya ba.